Igiyar Bakin Kasuwa

Ni mahauci ne, ɗan mahauci. Kakana ya baro ƙasar Katsina yana bin fatake, ya yada zango a ƙasar Mandara, wuri ya karɓe shi ya zauna. A nan aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni. Garinmu yana cikin yankin Mayo-Sava a arewacin Kamaru, tsakanin garin Mora da iyakar Najeriya. Ba zan kama sunansa ba, domin akwai waɗanda in suka ji labarin nan za su gane kansu a ciki, wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya amma iyalansu suna nan. Hausa muke yi a gida. A kasuwa kuwa, harshen mai saye shi ne harshenka: Mandaranci, Barbarci, Fillanci, Larabcin Shuwa, da ɗan Faransancin da mutum ke tsinta a bakin tasha.

Da, iyaka a wurinmu suna ce kawai. Amchide da Banki kamar gari ɗaya suke, ka karya kumallo a Kamaru ka yi azahar a Najeriya. Aljihun kowa naira da sefa ne a haɗe. Shanu na gangarowa daga Chadi su wuce, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin sumoga, na shigowa cikin jarkoki a bayan babura, mu kuma muna yanka muna sayarwa. Ranar kasuwa sa biyu nake kayarwa, kafin la'asar ko ƙashi babu.

Da aka sace Faransawan nan bakwai 'yan gida ɗaya a wajen Waza cikin Fabrairun 2013, cewa muka yi harkar Turawa ce, ina ruwan mai tsire. Ko da Shugaba Paul Biya ya faɗa a Faris, a watan Mayun 2014, cewa an shelanta yaƙi da Boko Haram, a rediyo muka ji, muka ci gaba da fiɗa. Ranar da jikinmu ya yi sanyi ita ce 27 ga Yulin 2014, jajibirin ƙaramar Sallah, da suka shiga Kolofata suka tafi da matar Amadu Ali, mataimakin firaminista, tare da lamidon garin. Duk mai hankali ya yi lissafinsa a ranar: in gidan mataimakin firaminista bai tsira ba, ƙyauren karan da ke ƙofar gidana me zai tare?

Ƙanena ɗan kalando ne, wato acaɓa kamar yadda ake cewa a tsallake. A farkon 2015 ya ɗauki fasinja zuwa wani ƙauye da yamma, bai dawo ba. Kwana biyu bayan haka masu itace suka gan shi a gindin wata aduwa. An tafi da babur. Ni na wanke shi. Shekara ashirin ina riƙe wuƙa, na san aikin wuƙa in na gan shi, kuma abin da na gani a wuyan yaron nan ba zan bayyana shi a nan ba.

Na faɗi wannan ne don a san da wace zuciya na shiga aikin. Ba kishin ƙasa ne ya kai ni ba. Bindiga nake so.

A watan Yulin 2015 'yan ƙunar baƙin wake suka fara. Fotokol da farko, sannan Marwa ranar 22 ga wata, a babbar kasuwa da unguwar Barmare inda Hausawa suke da yawa, bayan kwana uku kuma aka sake tayarwa a wajen Pont Vert. Yara mata ake ɗaura wa abin. Gwamna Mijinyawa Bakari ya hana sa niƙabi a duk jihar Arewa Mai Nisa, aka taƙaita zirga-zirgar babura da dare. Soja ba za su iya tsayawa a ƙofar kowane masallaci da kowace kasuwa ba, kuma da yawansu 'yan kudu ne, ba su san ɗan gari da baƙo ba. Sai hukuma ta juyo kan kwamitocin tsaro na gari, waɗanda a Faransanci ake ce wa komite de vijilans, mu kuma muke cewa 'yan banga ko 'yan kwamiti. Abin ba sabo ba ne gaba ɗaya. Tun zamanin zargina, 'yan fashin da suka addabi hanyoyin arewa har aka kafa rundunar soja ta musamman da ake kira BIR saboda su, ƙauyuka suna da masu gadin dare. A Maiduguri ma mun ji labarin 'yan kato da gora tun 2013.

Lawan, wato dagacin garinmu, ya tara mu a ƙofar gidansa, ya ce kowace unguwa ta kawo mutanenta, kuma sai wanda mai unguwarsa ya tsaya masa. Sarkin fawa ya tsaya mini. Aka rubuta sunaye aka kai wa sufurefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gundumarmu, aka ɗauke mu hoto, daga baya aka ba mu wani ɗan kati mai hatimi. Musulmi suka dafa Alƙur'ani, Kiristocin da suka sauko daga duwatsu suka dafa littafinsu, cewa ba za mu ci amanar gari ba.

Da na koma gida na tarar da maganar ta riga ni. Matata ba ta ce komai ba, tuwo kawai ta ajiye mini ta koma ɗaki. Inna ce ta kira ni.

“Na binne ɗaya, kana so in binne na biyu?”

Na ce, “Inna, in ban fita ba har ɗaki za su iske mu.”

Ta daɗe tana kallona. Sai ta ce, “Ni na haife ka, na san abin da za ka nema a can. Je ka. Amma kada ka kawo mini jinin ɗan wani gidan nan.”

A filin makarantar firamare aka yi mana horo, don a lokacin an rufe makarantar, malamai sun gudu. Wanda ya koyar da mu wani jandarma ne mai muƙamin ajidan, gajere, mai furfura a gefen kai, mutumin kudu amma ya daɗe a arewa har Fillanci ya zauna a bakinsa. Shef muke ce masa. Mun zo da shirinmu: masu adda, masu gora, masu kwari da baka, mu mahauta da wuƙaƙenmu da layun tauri a damtse. Ya zagaya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce kowa ya ajiye abin hannunsa a gindin darbejiya. Ya ɗauko igiya.

Igiya fa, irin ta ɗaure jaki. Wallahi na ji kamar in juya gida.

Ya ce a ɗaura ta tsakanin itace biyu, wannan ita ce ƙofar kasuwa. Ya ce mu tsaya yadda za mu tsaya in muna gadi. Muka taru a jikin igiyar mu goma sha, kafaɗa da kafaɗa, kowa ya sha mur. Ya tako a hankali har tsakiyarmu, ya tafa hannu sau ɗaya, ya ce, “Kun mutu duka. Sauran su zo.” Haka ya yi ta kashe mu da tafi har rana ta take. Sai da muka gaji da mutuwa sannan ya fara bayani. Igiya ba a bakin rumfuna ake ɗaura ta ba, can nesa ake kai ta, inda in abu ya tashi ba zai kai ga taro ba. Ba a cunkushewa. Mutum ɗaya ne ke magana da mai zuwa, tun daga nesa zai tsayar da shi. Na biyu yana gefe, ba ya magana, ba ya kallon fuska, hannu kawai yake kallo. Na uku yana baya da usur da waya. Mai zuwa shi zai ɗaga rigarsa da kansa ya juya, kai ba ka matsa ba tukuna. Mace kuwa mace ce za ta duba ta, shi ya sa aka nemo mata huɗu aka sa cikinmu, ciki har da wata unguwarzoma da duk garin ke jin nauyinta.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne ba da labari. Mu Hausawa in mun ga abu sai mu ce “suna da yawa”, “sun yi can”, “ɗazu-ɗazun nan”. Shef ya ce wannan ba labari ba ne, kuka ne. Ya sa yara biyar su wuce a guje ta bayan aji, sannan ya tambaye mu. Wani ya ce bakwai ne, wani ya ce goma, ni na rantse na ga ɗaya da bindiga, alhali tsintsiya ce. Muka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce da irin wannan bakin ake tura mota cike da soja inda babu kowa, a bar inda ake yanka mutane. Mutum nawa, a ƙafa ko a babur, me suke riƙe da shi, daga ina zuwa ina, ƙarfe nawa: sai da ya sa muka haddace su kamar karatun allo. Ya koya mana kallon hanya da sassafe kafin kowa ya taka, ƙasar da aka tona aka mayar, sawun da ba na garin ba, ƙunshin da aka yar. In ka ga abin da ba ka gane ba, kada ka taɓa, kada ka jefe shi da dutse, ka tare hanya ka kira. Wani ma'aikacin asibiti ya zo kwana ɗaya ya nuna mana yadda ake danne rauni a ɗaure don jini ya tsaya. A nan kam na fi kowa, har ya tambaye ni ko na taɓa aikin asibiti. Na ce a'a, fawa nake.

Akwai kuma maganar kamu. Ya ce ku ba alƙalai ba ne, ba jandarmomi ba ne. In kun tsare mutum, ku rubuta sunansa da abin da ke jikinsa a gaban shaida, ku kira mu, ku miƙa shi yadda kuka same shi, da haƙoransa cikakku. Ya maimaita maganar haƙoran nan ya fi sau goma. A lokacin mun ɗauka raha ce.

A rana ta huɗu na kasa haƙuri. Na ce, “Shef, yaushe za a ba mu bindiga?”

Ya ce, “Me ya sa kake so?”

Na ce, “Su da ita suke zuwa.”

Ya ce, “Wa aka kashe maka?”

Ban amsa ba. Ya gyaɗa kai ya ce gwamnati ba ta raba wa farar hula bindigar yaƙi, kuma ko da tana rabawa, ni ne na ƙarshen da zai ba. Ranar na tsane shi.

Abin da aka yi mana na bindiga bai wuce yini ɗaya ba. Wani soja ya kawo kalashi, ya cire mata harsashi a gabanmu, ya nuna mana ita don mu gane ta in mun gani a hannun wani ko an yar a daji, da yadda za a tsare wurin har su zo. Ya sa aka harba daga nesa don kunnenmu ya bambance ƙararta da ta bindigar gida. Ya bar kowa ya ɗaga ta ya ji nauyinta, shi ke nan. Amma hukuma ta kau da kai ga bindigogin toka da maharba suke da su tun kaka da kakanni, kuma a kwamitinmu akwai guda shida. Mai kula da su wani tsohon maharbi ne, Bamandare, da ya yi farauta a dazukan wajen Waza tun yana saurayi. Baba muke ce masa, kuma shi ne malamina na gaskiya a wannan fanni.

Sai da na yi wata biyu ina bin Baba ina ɗaukar masa buta kafin ya bar ni na taɓa. Dokokinsa kaɗan ne, amma in ka karya ɗaya, sandarsa za ta faɗa maka. Bakin bindiga ƙasa yake kallo ko sama, ko da ka rantse babu komai a cikinta. Yatsa ba ya kusantar kunama sai ka yanke shawara. Ba a harbin motsi, ba a harbin duhu, ba a harbin abin da ba ka ga idonsa ba. Yana cewa bindiga ba ta da ɗan'uwa. Ya kuma cire mini ruɗin da nake ciki: ta toka sau ɗaya take magana, kafin ka sake ɗura ta mai kalashi ya gama da unguwa guda, da damina albarushi ya sha sanyi sai ta ƙi tashi, wadda maƙeri ya yi da bututun banza kuma mai ita take fara ci. Mun gani da idonmu, wani saurayi ya cika tasa fiye da kima don ta yi ƙara, ta fashe ta tafi da yatsunsa uku. Amfaninta a wurinmu, in ji Baba, ta tashi gari daga barci, ta sanar da na daji cewa ba a kwance muke ba.

Maganar tauri kuwa, ni mahauci ne, ba zan zagi gadon gidanmu ba. Amma na ga abin da bam ke yi wa mai layu da marar layu, ban ga bambanci ba.

Muka shiga aiki. Dare a raba shi biyu, rana a bakin igiya. Ranar Juma'a Kiristocinmu ke tsaron masallaci mu yi salla, ranar Lahadi mu tsaya musu a ƙofar coci. Wannan abu ɗaya ne da har gobe in na tuna nake jin daɗi. Abokin tsayuwata wani mai facin taya ne, Bamafe, wato ɗan ƙabilar Mafa, ba ya jin Hausa sosai, ni ba na jin yarensa, da Fillanci muke lallaɓawa. Shi ke magana da mai zuwa, ni ke kallon hannu.

Farkon 2016 ya yi muni. A watan Janairu aka tayar a masallacin Kuyape ana sallar asuba, aka tayar a kasuwar Bodo, a Fabrairu kuma kasuwar Meme, nan kusa da Mora. Kowa a tsorace yake. Yarinya in ta doso ka da hijabi, gabanka sai ya faɗi, ko da 'yar maƙwabcinka ce.

Wata ranar kasuwa, bayan na Meme da 'yan makonni, da hantsi, zafi ya fara. Mun ɗaura igiya a kan hanyar da ke fitowa daga gonakin masakwa. Ina gefe da bindigar Baba, don a lokacin ya yarda da ni. Sai ga yarinya ita kaɗai, ba za ta wuce shekara goma sha biyu ba, da hijabi ruwan toka har gwiwa. Ba ta biyo hanya ba, ta ratso ta cikin gona. Hannayenta duka biyu suna cikin hijabin, kuma akwai wani abu da ya turo a gabanta, daidai ciki. Duk alamar da Shef ya lissafa mana, ga ta a jikin mutum ɗaya.

Abokina ya daka mata tsawa ta tsaya. Ba ta tsaya ba. Ya faɗa da Fillanci, na faɗa da Hausa, na faɗa da Barbarci. Kanta a sunkuye, tafiya kawai take yi, ba sauri ba sanɗa. Na baya ya busa usur, kasuwa ta watse, mata na ihu, tumaki na tsalle kan tabarmin albasa. Ita ko ɗago kai ba ta yi ba. A raina na ce an ba ta ƙwaya, don an ce haka suke yi musu.

Na ɗaga bindiga. Zan faɗi gaskiya tunda don ita na zauna rubutun nan: ba tsoro kaɗai ke cikina ba. Akwai wani abu da ya yi shekara yana jiran wannan rana, kuma daɗi yake ji. Na ga wuyan ƙanena. Yatsana ya shiga inda Baba ya hana. Tsakanina da ita bai fi taku talatin ba, kuma na san ba zan kuskure ba.

Abin da ya riƙe ni ƙafarta ce. Wata biyar ana horar da idona ya kalli abin da mutane ba sa kallo, sai ya sauka ƙasa da kansa. Takalmin roba ne a ƙafarta, wanke tas, kuma akwai lalle, sabo, an zana shi da kyau har idon sawu. Waɗanda ake turowa daga daji kwana suke suna tafiya, ƙafa duk ƙura da kaushi da ƙaya. Wannan daga ɗakin uwarta ta fito da safen nan. Ban gama wannan tunani ba, ban kuma sauke bindigar ba, sai abokina ya sunkuya ya ɗebi ɓurɓushin ƙasa ya watsa gabanta. Ƙasar ta zuba a kan takalminta. Ta yi firgigit ta ɗago.

Ta ga bakin bindiga. Ta saki abin da ke hannunta. Ƙwarya ce, ta faɗi ta rabe biyu, nono ya malale a ƙasa, faifan ya gangara ya tsaya a jikin igiya. Ta buɗe baki, wani irin sauti ya fito wanda ba kuka ba ne ba magana ba. Kurma ce. Ta rufe ƙwaryar da hijabi ne saboda ƙura.

Uwarta na can baya da nisa da tata ƙwaryar a kai, 'yan rugar da suka sauka kusa da mu ne a makon, shi ya sa ba mu san su ba. Da ta iso ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Ta rungume 'yarta, ta dube ni, ta ce da Fillanci, “Kai ba ka haifa ba ne?” Ina da 'ya sa'arta a gida. Na zaro sefa dubu biyu na miƙa mata kuɗin nono, ta ƙi karɓa. Unguwarzoma ce ta karɓa ta ƙulle wa yarinyar a bakin zane.

Da yamma na mayar wa Baba bindigarsa. Ya ce, “Ka gaji ne?” Na ce, “Baba, yatsana ya shiga.” Bai tambaye ni komai ba, ya karɓa ya jingine. Daga ranar usur da tocila nake riƙewa, sai gora. Shef da ya ji labari, da muka haɗu sai ya ce, “Mahauci, har yanzu kana son kalashi?” Na ce, “Shef, a bar maganar.”

Kada wani ya ɗauka duk wadda ta ƙi tsayawa mai tallan nono ce. Bayan wannan da wata bakwai, ranar da ba ni ke bakin igiya ba, wata ta zo da asuba ana shirin salla. Abokina mai faci ya tsayar da ita, ta ruga a guje ta nufi masallaci. Ba shi da bindiga, ba shi da lokacin kiran kowa. Ya bi ta ya rungume. Su biyu kaɗai suka mutu. Masallacin da ya tare ba nasa ba ne, ko sau ɗaya bai taɓa shiga ciki ba. Ya bar mata da 'ya'ya biyar. Aka zo da buhun shinkafa da ambulan, aka yi jawabi, aka tafi. Babban ɗansa yanzu shi ke faci a rumfar uban.

Sauran labarin ba shi da daɗin faɗa, amma in na tsallake shi na yi ƙarya. Albashi babu. Lokaci-lokaci akan aiko da kyauta daga sama, babura, kekuna, takalman ruwa, tocila, na'urar da ake shafa wa mutum ta yi ƙara in akwai ƙarfe. Kafin kayan su sauko hannunmu sun bi ta hannaye da yawa, kowane hannu kuma da ɗanɗanonsa. Mutum ya kwana a tsaye, gonarsa ta zama saura, sana'arsa ta mutu, yara na jiran abinci. To igiya tana hannunsa. Aka fara da “a ba mu na shayi”, dala ashirin, dala hamsin, wato sefa ɗari ko ɗari biyu da hamsin. Daga baya ya zama in ba ka bayar ba kayanka za su yini a rana ana bincike. Na karɓa. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Samari kuma suka shiga shan taramol don kada barci ya ɗauke su, wanda ya sha kuwa hannunsa ya fi bakinsa sauri.

Mafi muni shi ne da mutane suka gane cewa kalma ɗaya daga bakinmu tana iya sa a ɗauke mutum. Mai bin bashi, mai neman matar wani, mai rigimar gona, kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Wani dare 'yan'uwana 'yan kwamiti suka kama wani makiyayi da buhun gero biyu a kan jaki, suka ce abinci yake kai wa na daji. Wataƙila haka ne, wataƙila gidansa zai kai. Ina tsaye aka dake shi har ya daina kare kansa. Ban sa hannu ba, ban kuma buɗe baki ba. Da gari ya waye aka miƙa shi, ba da haƙoransa cikakku ba. Sai ranar na gane maganar Shef ba raha ba ce. Jakin da geron kuwa, ban ga an rubuta su a littafi ba.

Su ma na daji sun san mu ɗaya bayan ɗaya. Suna aiko da saƙo ta bakin waɗanda suka sako, cewa ɗan kwamiti ya fi soja laifi a wurinsu. Kusan shekara biyu ban kwana ɗakina ba, yau gidan wannan, gobe bayan rumbun wancan. 'Yata ta taɓa tambayar uwarta ko na yi wani aure ne.

A ƙarshen 2018 gwamnati ta kafa kwamitin karɓar makamai da mayar da tsoffin mayaƙa cikin jama'a, da cibiya a Mora. Bayan mutuwar Shekau a 2021 suka riƙa fitowa da yawa, da matansu da 'ya'yansu, ana kai su cibiyar da ke garin Meri. Na san sulhu ya fi, malamai sun faɗa, hankalina ma ya faɗa. Amma ranar da na ji ana ciyar da su ana koya musu sana'a, na tuna matar mai faci tana surfe a gidajen mutane, sai da na fita bayan gari na zauna ni kaɗai. A lokacin ma na riga na bar aikin. Inna ta rasu a 2019, bayan sadakar arba'in na je gaban lawan na ce, “Ranka ya daɗe, a ba wani igiyar.” Ya ce in ƙara haƙuri. Na ce haƙurin ne ya ƙare. Na ajiye katin a gabansa, ya tura mini shi da ƙafar sandarsa ya ce in riƙe, wata rana zai yi mini amfani a shingen hanya.

Yanzu a Marwa nake, ina da tukubar tsire a bakin titi, da daddare nake fitowa. Masu saye suna yi mini tsiya wai ba na kallon fuskar mutum in yana ciniki. Gaskiyarsu. Hannu nake kallo, sannan ƙafa. In yarinya ta doso da tire a kai, sai na ga ta sauke ta ce “a sayi gyaɗa” sannan nake ci gaba da yanka albasa.

Kwanan baya ɗana na biyu, mai shekara goma sha biyar, yana neman allura a cikin kwallar uwarsa ya ci karo da usur ɗin da katin. Ya zo yana juya su a hannu.

“Baba, da gaske ka riƙe bindiga?”

Na ce na riƙe.

“Ka taɓa harbin wani?”

Na ce a'a.

Na ga ransa bai so ba, ya so a ce ubansa ya kashe ko da mutum ɗaya ne. Ya sa usur ɗin a baki zai busa, uwarsa ta fizge daga hannunsa ta mayar cikin kwalla ta rufe. Na ce ya ɗauko tiren nama mu tafi, magariba ta kusa, gawayi ma ban hura ba.